Mutum-mutumin da sai an ciyar da shi

Aikina a ɗakin gwaje-gwaje rainon tsoka ne. Muna ɗaukar ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, mu raine su a cikin ɗan faranti har su zama zaren nama mai motsi, sannan mu auna ƙarfinsa. Shi ya sa duk lokacin da wani bidiyo ya zagaya da sunan wai Turawa ko mutanen Japan sun ƙera mutum-mutumi mai rai, sai saƙonni su yi ta shigo mini a WhatsApp. Wani ya turo da fargaba, wani da murna, wani kuma tambayarsa ɗaya ce: da gaske ne ko haɗin kwamfuta ne? Da gaske ne. Amma bidiyon daƙiƙa talatin yana nuna motsin ne kawai, ba ya nuna ɗawainiyar da ke bayansa, kuma a ganina a cikin ɗawainiyar nan ne duk darajar aikin take.

Ƙwayoyin da na fi aiki da su ana kiransu C2C12. Asalinsu daga cinyar ɓera suke. Wasu masu bincike biyu, David Yaffe da Ora Saxel, su suka fara ware kakanninsu a Isra'ila a 1977, kuma har yau jikokin waɗannan ƙwayoyi ake rarrabawa ɗakunan bincike na duniya. Ana ajiye su a daskare cikin ruwan naitirojin, sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da sifili. Ranar da za a fara aiki sai a ciro ɗan bututu guda, a narkar da shi da sauri, a zuba a cikin ruwan abinci. Ruwan nan ja-ja ne mai haske, akwai sukari a ciki, da gishiri iri-iri, da sinadaran gina jiki, da ruwan jinin ɗan tayin saniya. Daga nan sai inkibeta, wadda ke riƙe zafi a digiri 37 daidai da jikin mutum, da iskar kabon kashi 5 cikin 100. Bayan kwana biyu-biyu sai an canza ruwan. Idan ka yi jinkiri, launinsa zai juya zuwa rawaya, alamar ƙwayoyin sun cinye abincinsu sun cika shi da tsami. Su ba ruwansu da Asabar ko Lahadi, ba su san hutun Sallah ba.

Idan sun hayayyafa sun kusa cika farantin, sai a yi musu wata dabara. A janye wancan ruwan mai maiƙo, a ba su wani mai ɗan ruwan jinin doki kaɗan, kashi 2 cikin 100. Ƙarancin abincin nan shi ke sa su daina rabuwa, su fara jeruwa suna mannewa da juna, bangon da ke tsakaninsu ya narke, ƙwaya goma ko ashirin su zama dogon zare guda. Haka tsoka ke ginuwa a jikin ɗan tayi a cikin mahaifa. Bayan kamar mako guda, idan ka ɗora farantin a ƙarƙashin madubin ƙara girma, za ka ga zaruruwa dogaye kwance gefe da gefe. Ka ɗan jira. Can a kusurwa sai wani zare ya yi zillo, ya tsaya, ya sake. Na kusa da shi ya amsa. Babu wanda ya taɓa su, babu jijiya, babu ƙwaƙwalwa. Na ga wannan sau da yawa, amma har yanzu idan na gani sai na ce Subhanallahi.

Wannan motsi shi masu ƙera irin waɗannan na'urori suke son su ɗaure wa linzami. Hanyar da ta fi sauƙin fahimta ita ce ta ɗakin binciken Rashid Bashir a Jami'ar Illinois ta Amurka. Ana cakuɗa ƙwayoyin da wani ruwa mai kauri wanda ke daskarewa, a zuba a cikin mazubi mai siffar zobe. Cikin 'yan kwanaki ƙwayoyin su kama wannan daskararren abu su matse shi, har ya zama ɗan zoben nama mai tauri. A gefe guda kuma an riga an gina ɗan ƙashi na roba mai laushi da firintar nan mai gina abu hawa-hawa: wata 'yar gada mai lanƙwasuwa da ƙafafu biyu, duka-duka ba ta kai santimita ɗaya ba. Sai a ɗauki zoben naman da hantsaki a rataya shi a ƙafafun biyu. Idan aka bugo lantarki, naman ya tsuke, ƙafafun su matso, gadar ta lanƙwashe. Idan aka saki, ta miƙe. Inda basirar take shi ne ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Da a ce daidai suke, abin zai yi ta tsukewa da sakewa a wuri guda har ya gaji. Da yake ba daidai suke ba, kowace tsukewa tana ɗan jan shi gaba. A 2012 sun fara da ƙwayoyin zuciyar ɓera, waɗanda ke bugawa da kansu ba a iya tsayar da su. A 2014 suka koma ga tsokar jiki wadda sai an umarce ta take motsi. A 2016 Ritu Raman da abokan aikinta suka mayar da umarnin ya zama na haske. Zuwa 2023 an ɗora wa abin 'yan fitilu ƙanana da ake kunnawa daga nesa ba tare da waya ba, kuma gudunsa mafi sauri bai kai milimita ɗaya a daƙiƙa ba.

Da na je gida hutu na nuna wa kawuna bidiyon irin wannan a waya. Shi mahauci ne, ya tsufa a sana'ar. Na zaci zai yi mamaki. Ya kalla har sau biyu, ya miƙo mini wayar ya ce, "Kai ɗan nan, ai nama yana motsi bayan yanka. Mu kullum muna gani. In ka barbaɗa masa gishiri da ɗuminsa ma sai ya yi ta rawa." Na ce, "Haka ne, Kawu, abu ɗaya ne." Ya ce, "To ku naku kwana nawa yake yi yana motsin?" Tambayar da manyan masu binciken nan suke fama da ita ke nan, ya kamo ta a jimla ɗaya. Naman da aka yanka yana motsi ne da sauran makamashin da ya rage a cikin ƙwayoyinsa, gishirin kuma yana tsokano jijiyoyin da ba su riga sun mutu ba. Da makamashin ya ƙare, shi ke nan, nama ya sandare. Luigi Galvani ya ga irin haka a ƙafar kwaɗo a birnin Bolonya na Italiya, ya wallafa a 1791. Sa nama motsi da lantarki tsohon labari ne. Abin da ke sabo shi ne a gina naman daga tushe, a jera zaruruwansa yadda ake so, a kuma riƙe shi da rai yana aiki mako bayan mako.

A nan ne nake ganin babu wanda ya kai Kit Parker na Jami'ar Harvard nisa, kuma aikinsa ne ya ja ni cikin wannan fanni. A 2012, shi da John Dabiri da Janna Nawroth na Jami'ar Caltech ta Amurka suka yanka roba mai laushi da hannuwa takwas, suka shimfiɗa mata ƙwayoyin zuciyar ɓera, ta yi iyo a ruwa irin na jelifish, halittar tekun nan mai laushin jiki. Abin da ya ja hankalinsu shi ne jelifish famfo ce, tana tsukewa ta tura ruwa, zuciya ma famfo ce. A 2016 kuma Sung-Jin Park a ɗakin Parker ya gina wani abu da har yau idan na duba zanensa sai na jinjina. Sun kwaikwayi kifin tekun nan mai shimfiɗaɗɗen jiki da doguwar wutsiya, wanda ke iyo da kaɗa gefunansa. Tsawonsa milimita 16, nauyinsa kusan miligiram 10. A ciki akwai siririn ƙashi na zinariya, a ƙasa kuma ƙwayoyin zuciyar ɓera kusan 200,000. Ba zuba su aka yi kara zube ba. An zana musu hanya mai lanƙwasa-lanƙwasa a kan robar, don idan tsukewa ta tashi daga gaba ta bi layin nan a hankali har baya, fiffiken ya kaɗa sashe bayan sashe. Tsokar tana jan fiffiken ƙasa ne kawai, zinariyar ce ke mayar da shi sama.

Tuƙa shi kuma da haske ake yi. Akwai wani gansakukan ruwa mai ƙwaya ɗaya da ke da sinadari a fatarsa wanda ke buɗewa idan shuɗin haske ya taɓa shi. An ɗauko umarnin gina wannan sinadari aka shigar a ƙwayoyin zuciyar. Sai ya zama idan aka walƙa shuɗiyar fitila a gaban kifin, tsokar ta tsuke. A walƙa wa ɓangarorin biyu daidai, ya tafi gaba. A fi saurin walƙa wa ɓangare ɗaya, ya karkata. Da haka suka bi da shi ta tsakanin shingaye a cikin kwano, yana tafiyar kusan milimita ɗaya da rabi a daƙiƙa.

Sai kuma Fabrairun 2022, lokacin da Harvard da Jami'ar Emory suka fito da ɗan kifi wanda tsokarsa ta mutum ce. Ba daga zuciyar kowa aka yanko ta ba. Tun 2007 Shinya Yamanaka na Japan ya nuna ana iya ɗaukar ƙwayar fatar baligi a mayar da ita baya ta zama irin ƙwayar farko mai iya zama komai, daga nan a karkata ta ta zama ƙwayar zuciya. Da ƙwayoyin tushe irin waɗannan aka yi wa kifin shimfiɗar tsoka biyu, ɗaya a kowane gefen wutsiya. Idan ta dama ta tsuke, ta hagu ta miƙe, miƙewar nan kuma ita ke tayar da ita ta tsuke, sai ta dama ta miƙe. Haka abin ke juyawa ba tare da an taɓa shi ba. Suka ƙara wani ɗan tsibirin ƙwayoyi da ke ba da kiɗa, kwatankwacin wanda ke saman zuciyarmu yana tsara bugunta. Kifin ya yi iyo kwana 108. Abin da ya fi burge ni ma shi ne a watan farko ƙara sauri ya yi ta yi, saboda ƙwayoyin suna balaga da aikin. Inji na ƙarfe daga ranar da ka fara amfani da shi yake fara cinyewa. Tsoka kuwa aiki ne ke ƙara mata ƙarfi, kuma a Illinois an nuna cewa idan aka yanka zoben naman aka cike wurin da sababbin ƙwayoyi, yana warkewa ya koma bakin aikinsa.

Parker bai ɓoye manufarsa ba, ya sha faɗa cewa burinsa a kai ga gina zuciya domin yaran da aka haifa da nakasasshiyar zuciya. Ni ma a nan na tsaya. Ban yarda waɗannan abubuwa za su maye gurbin injin lantarki (moto) da batir nan kusa ba, kuma ina jin takaici idan na ga an rubuta kamar gobe za a ga mutum-mutumin nama yana dako a kasuwa. Ƙaramin moton da ke cikin abin wasan yara ya fi su ƙarfi, ya fi su sauri, ba ya kuma mutuwa don an manta da shi kwana uku. Amfaninsu a wurina jarrabawa ce. Kana iya raina ƙwayoyin zuciya a faranti ka ga suna bugawa ka ɗauka ka gina tsoka, alhali kowace tana jan nata gefen, ƙarfin yana tashi a banza. Amma idan ka ce abin ya yi iyo, ba a yi maka alfarma. Idan jerin zaruruwan ba daidai ba ne, ko saƙon tsukewa bai bi ta hanyarsa ba, zai tsaya cik a cikin ruwa kowa na gani. Kifin da ya yi wata uku da rabi yana iyo hujja ce cewa an fahimci wani abu na gaskiya game da yadda zuciya ke riƙe bugunta.

Wannan kuwa ya shafe mu. Zuciyar baligi ba ta sabunta kanta sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kusan kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyinta a shekara lokacin ƙuruciya, ya kuma ragu da tsufa. Abin da ya mutu a cikinta tabo yake zama. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda ciwon raunin zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a tsakanin matanmu, kuma har yau arewacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi samunsa a duniya. Mai jego ta fara haki, ƙafafu su kumbura, ta kasa kwanciya sai a jingine. Ciwon tsokar zuciya ne. Ba ina cewa ɗan kifin roba zai warkar da ita ba, kada wani ya ɗauke ni haka. Ina cewa dabarar da aka koya wajen gina shi ita ake amfani da ita a gina 'yan yankan tsokar zuciyar mutum a faranti, a ɗiga musu magani a ga ko ƙarfinsu ya ƙaru ko bugunsu ya rikice, kafin a ba wa marar lafiya. Da za a yi irin wannan da ƙwayoyin matanmu, da an samu hanyar tambayar abin da ya sa tsokarsu ke gazawa.

Babban shingen da ya tare kowa shi ne kauri. A jikinmu babu ƙwayar tsoka da ke nesa da jijiyar jini. A faranti kuwa babu jijiya, abinci da iskar oksijin sai dai su ratsa daga waje, kuma ba sa wuce kamar kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Idan ka gina nama ya fi haka kauri, bayansa zai yi kyau, cikinsa ya mutu. Idan aka yanka irin wannan aka rina aka duba, za ka ga zobe na lafiyayyun zaruruwa a gefe, tsakiya kuwa fanko, sai tarkacen matattun ƙwayoyi. Shi ya sa duk waɗannan na'urori ƙanana ne, sirara, kuma a cikin ruwa suke rayuwa.

Shoji Takeuchi na Jami'ar Tokiyo ya zagaye wannan shinge ta wata hanya. A Janairun 2024 ɗakinsa ya nuna ɗan mutum-mutumi mai ƙafa biyu, an sa masa abin da ke ɗaga shi a ruwa da ɗan nauyi a ƙafa don ya tsaya a miƙe. Mutum ne ke riƙe da sandunan lantarki yana taɓa ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kuma tafiyar milimita 5.4 yake yi a minti. A Fabrairun 2025 kuma, tare da Jami'ar Waseda, suka fito da hannu mai tsawon santimita 18 da yatsu biyar masu gaɓoɓi. Maimakon su gina tsoka ɗaya mai kauri, sai suka raini sirara da yawa daga ƙwayoyin mutum, kowace ta samu abincinta, sannan suka naɗe su dami guda, aka ɗaura kowane dami da igiyar da ke jan yatsa. Hannun ya iya lanƙwashe wasu yatsu ya bar wasu, ya kuma riƙe ɗan bututun awo. Bayan minti 10 na aiki ƙarfinsa ya ragu, aka bar shi ya huta kamar awa ɗaya ya dawo. Yatsun ba sa miƙewa da ƙarfin kansu, don babu tsokar da za ta ja su baya. Dabara ce mai kyau, amma jijiyar jini dai har yanzu babu, kuma ni ranar da zan ce fannin ya tsallake shi ne ranar da aka gina nama mai kaurin yatsa da hanyoyin jini a ciki, aka fito da shi daga ruwa ya ci gaba da aiki.

Akwai masu tambayata ko wannan ba shiga hurumin Allah ba ne. Ban ɗauki tambayar da wasa ba. Abin da na sani daga aikin hannuna shi ne babu wanda ya taɓa ƙera ƙwayar tsoka guda ɗaya. Aro muke yi. Yadda ƙwayoyin ke gane juna su manne, yadda zaruruwan cikinsu ke zamewa a kan juna su jawo tsukewa, duk mun tarar da shi ne, iyakarmu mu shirya musu wuri mu ba su abinci. Hukuncin shari'a na malamai ne, kuma zan so a ce malamanmu sun zauna da masu binciken sun ga abin da idonsu kafin su yi magana a kai. Damuwata ta fi karkata ga wasu wurare biyu. Na farko, ƙwayoyin zuciyar ɓeran nan daga jarirai 'yan kwana biyu ake ciro su, ruwan abincin kuma daga jinin ɗan tayin saniyar da aka yanka da ciki. Akwai rai da aka kashe a bayan kowane bidiyo mai ban sha'awa, don haka nake goyon bayan komawa ga ƙwayoyin tushe da ruwan abinci marar jinin dabba, ko da ya fi tsada. Na biyu, an fara haɗa tsokar da ƙwayoyin jijiya, irin jijiyar da ke kai saƙon ƙwaƙwalwa, ba ta jini ba. A 2019 Taher Saif da abokansa a Illinois sun gina ɗan abin iyo wanda jijiya ce ke umartar tsokarsa. Tsoka kaɗai ba ta jin zafi, kuma 'yan ƙwayoyin jijiya kaɗan ba ƙwaƙwalwa ba ne. Amma idan aka ci gaba da tara su, gara a tsayar da iyaka tun kafin a isa inda za a yi ta musu.

Wani ɗalibi daga gida ya rubuto mini yana tambaya ko za a iya irin wannan aiki a jami'o'inmu. Za a iya. Ƙwayoyin C2C12 ba su da wuyar raino, ɗalibin shekarar ƙarshe zai iya koyon riƙonsu cikin 'yan makonni, firintar gina ƙashin robar ma ta yi araha yanzu. Abin da zai ci kuɗi da hankali shi ne wutar da ba ta yankewa. Inkibeta ta mutu dare ɗaya, aikin wata guda ya tafi. Sai tukunyar iskar kabon da za a riƙa cikawa a kan kari, da ruwan naitirojin na ajiya, da hanyar shigo da ruwan abinci a cikin sanyi ba tare da ya kwana a tasha ba. Na ce masa idan zai rubuta neman tallafi, ya sa sola da batir na inkibeta a layin farko, kafin madubin ƙara girma, kafin firinta, kuma ya nemi abokin aiki wanda zai riƙa zuwa canza ruwa ranar da shi ba ya nan.